Me Maroko da Aljeriya suke nema a Nijar da Mali?

Wani Alhaji mai dillancin takin zamani a Kawo ta Kaduna ya aiko mini da tambaya bayan ya dawo daga ziyarar Fas a Maroko. Ya ce a can ya ji ana ta zancen cewa Sarkin Maroko zai buɗe wa Nijar da Mali da Burkina Faso hanya zuwa teku, alhali kuwa yana sane da labarin jirgin Mali maras matuƙi da Aljeriya ta harbo. Shi ne yake son sanin abin da waɗannan ƙasashe biyu na arewacin Afirka suke nema a bayan gidanmu, da kuma wadda ta fi ƙaunarmu a cikinsu, tunda dai sinadarin takin da yake sayarwa daga Maroko ake kawo shi.

Alhaji, barka da dawowa, Allah ya karɓi ziyara. Maganar ƙauna mu ajiye ta gefe tukuna. Na yi shekaru ina koyar da darasin hulɗar ƙasashe a garin nan, kuma abin da na fi shan wahalar cire wa ɗalibai daga kai shi ne ɗaukar ƙasa kamar mutum mai zuciya. Abin da ya fi amfani ka tambaya shi ne: wace ce take da katanga ɗaya da Nijar da Mali, wace ce kuma ba ta da ita? Aljeriya maƙwabciya ce. Iyakarta da Mali ta haura kilomita 1,300, wadda ke tsakaninta da Nijar kuma ta kusa 1,000. Maroko kuwa ko taku ɗaya na iyaka ba ta da shi da ɗayansu. Maƙwabci shi ne wanda awakinka suke cin shukarsa, hayaƙin murhunka yake shiga ɗakinsa, don haka da shi ake faɗa. Baƙon da ya zo daga nesa da tsaraba, me zai haɗa ku rigima? Kusan duk abin da kake ji a rediyo daga wannan bambanci ya taso.

Sai dai asalin gabar da ke tsakanin su biyun ba a Sahel take ba. Shekara ɗaya bayan Aljeriya ta sami 'yanci daga Faransa, wato a 1963, suka gwabza ɗan gajeren yaƙi a kan iyaka. Babban ƙullin ya zo ne a 1975, lokacin da Sifaniya take shirin barin Yammacin Sahara. Sarki Hassan na Biyu na Maroko ya tura mutum 350,000 suka taka da ƙafa suka shiga yankin, ya ce ƙasar kakanninsa ce. Ƙungiyar Polisario, wadda aka kafa a 1973, ta ce ba ta san zancen ba, ta ayyana jamhuriyarta a 1976, Aljeriya kuma ta ba ta masauki da makamai a Tinduf, inda sansanonin 'yan gudun hijirar suke har yau. An tsagaita wuta a 1991 bisa alkawarin ƙuri'ar raba gardama da ba a taɓa kaɗawa ba. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na yankin, ta kuma kewaye shi da ganuwar rairayi mai tsawon kilomita 2,700. Iyakar ƙasa tsakanin Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. A watan Agustan 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci gaba ɗaya, a watannin da suka biyo baya ta rufe wa jiragen Maroko sararin samaniyarta, ta kuma daina tura iskar gas ta bututun da ke ratsa Maroko zuwa Sifaniya. Wannan ya biyo bayan cinikin da aka ƙulla a Disamban 2020, inda Amurka ta amince da ikon Maroko a kan Yammacin Sahara, ita kuma Maroko ta daidaita da Isra'ila.

Mu ma muna da hannu a wannan tarihi, kodayake matasa da yawa ba su sani ba. A Nuwamban 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, Najeriya ta amince da jamhuriyar Polisario, kuma a wannan watan ne Maroko ta yi fushi ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ba ta dawo ba sai a Janairun 2017. Ka ga ke nan fiye da shekara 32 tana waje, kuma da ta dawo ta dawo da darasi: kujerar da ka bari babu kowa, abokin gabarka ne zai zauna a kai. Tun daga lokacin, kowace ƙasar Afirka a idon Rabat ƙuri'a ce a kan Yammacin Sahara. A idon Aljiyas ma haka.

Bari in daɗe kaɗan a kan Aljeriya, domin ita ce mutanenmu suka fi yi wa gurguwar fahimta. Abzinawan arewacin Mali da na Nijar dangin na kudancin Aljeriya ne, aure da kiwo da fatauci sun haɗa su tun kafin Bature ya ja layi a kan taswira. Taliya da garin madara da man fetur da ake sayarwa a Kidal, mafi yawansu kayan rangwamen gwamnatin Aljeriya ne da ake tsallakowa da su. Saboda haka duk lokacin da Abzinawa suka yi tawaye a Mali, Aljeriya ce take shimfiɗa tabarmar sulhu: a Tamanrasset a 1991, a Aljiyas a 2006, sannan babbar yarjejeniyar Aljiyas ta 2015. Manufarta ba ta taɓa sauyawa ba. Ba ta son Abzinawa su sami ƙasa tasu, don kada nata su yi sha'awa. Ba ta kuma son a murƙushe su da ƙarfin soja, don kada gudun hijira da makamai su malalo mata. Tana son a bar wutar tana ci a hankali a inda za ta iya sa ido a kanta. Na uku kuma, ba ta son sojan wata ƙasa ta nesa a bakin katangarta, ko na wane ne.

Amma akwai abin da 'yan Bamako suke faɗa wanda ba ƙarya ba ne. Ƙungiyoyin masu iƙirarin jihadi da suka addabi Sahel, tushensu yaƙin basasar Aljeriya ne na shekarun 1990. Ragowar mayaƙan da sojojin Aljeriya suka fatattaka su ne suka gangaro kudu, suka yi aure a cikin ƙabilun arewacin Mali, suka yi arziki da kuɗin fansar Turawa, suka kuma sauya suna zuwa Alƙa'ida ta yankin Magrib a 2007. Aljeriya ta share ɗakinta, sharar ta faɗa tsakar gidan maƙwabci. Ita ma ba ta tsira ba: a Janairun 2013 mayaƙan Mukhtar Belmukhtar suka afka wa masana'antar gas ta In Amenas, ma'aikata kusan 40 suka mutu. Ta kafa rundunar haɗin gwiwa a Tamanrasset a 2010 tare da Mali da Nijar da Murtaniya, amma rundunar ba ta taɓuka abin kirki ba, musamman da yake aƙidar sojan Aljeriya a lokacin ita ce ba sa yaƙi a wajen iyakarsu. Sai a gyaran tsarin mulki na 2020 aka buɗe wannan ƙofa. Ƙasa ce da kasafin tsaronta ya haura dala biliyan 20 a 2024, mafi girma a Afirka, amma ƙarfin nan na tsare gida ne.

Juyin mulkin sojoji ne ya kwance mata lissafi. Gwamnatin Assimi Goita ta Mali ta kori Faransa, abin da a da zai faranta wa Aljeriya rai, amma sai ta kawo sojojin haya na Wagner daga Rasha. Abin mamakin shi ne Rasha ce babbar mai sayar wa Aljeriya makamai tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Ga aminin gida ya zo yana taya maƙwabci yaƙin da kai ba ka so. A Nuwamban 2023 sojojin Mali da Wagner suka ƙwace Kidal. A Disamba Shugaba Tebboune na Aljeriya ya karɓi baƙuncin Imam Mahmud Dicko, malamin da sojojin Bamako suke ɗauka ɗan adawa, aka janye jakadu. Ranar 25 ga Janairun 2024 Mali ta ce yarjejeniyar 2015 ta mutu. A Yulin 2024 'yan tawaye suka yi wa Wagner mummunar ɓarna a Tinzawaten, garin da rabinsa yake Mali rabinsa yake Aljeriya. A can ne kuma, a daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025, Aljeriya ta harbo jirgin da ka ji labari, ƙirar Turkiyya. Ta ce ya keta mata iyaka, Mali ta ce a cikin ƙasarta tarkacensa ya faɗi. Mali da Nijar da Burkina Faso suka kira jakadunsu gida a tare.

Ka lura da Nijar a nan, domin halinta ya bambanta da na Mali. Lokacin da aka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta yi barazanar kai soja, Aljeriya na cikin waɗanda suka fito fili suka ce ba su yarda ba. Ministan harkokin wajenta, Ahmed Attaf, ya zo har Abuja a watan Agusta, ya kuma gabatar da shawarar miƙa mulki cikin wata shida. A wannan gaɓar, matsayin Aljiyas ya yi daidai da na sanatocin Arewa da malamanmu da suka je Yamai. Abin da yake ci wa 'yan Nijar tuwo a ƙwarya daban ne: yadda Aljeriya take kwaso baƙin haure, ciki har da 'yan Najeriya, ta zube su a hamada, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Duk da haka kamfanin man Aljeriya, Sonatrach, yana da filin haƙar mai a Kafra, arewacin Nijar. Haƙori da harshe ne, ana cizo ana zama tare.

To, ita Maroko fa? Da ba ta da iyakar da za ta tsare, sai ta shigo da abin da ba ya tayar da ƙura. Bankunanta suna da rassa a Bamako da Wagadugu da Yamai. Kamfanin Maroc Telecom ne ke da layin Moov a waɗannan ƙasashe. Jiragen Royal Air Maroc suna haɗa biranen yankin da Kasablanka. A 2013 ta ɗauki alkawarin horar da limaman Mali 500, a 2015 ta buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat, wadda ɗalibai daga Najeriya ma suke zuwa. Da aka yi juyin mulki a ƙasashen uku ba ta yi Allah wadai da babbar murya ba, ba ta kuma yi musu wa'azin dimokuraɗiyya ba. Shi ya sa a Disamban 2024 Sarki Muhammad na Shida ya iya sa baki aka saki jami'an Faransa huɗu da Burkina Faso ta tsare shekara guda. Wanda yake magana da kowa, kowa yana buƙatarsa wata rana.

Ziyarar da ka je ma tana cikin lissafin, kada ka ji haushi na. Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi aka haife shi, cikin Aljeriya ta yau, a Fas kuma ya rasu a 1815. Kowace ƙasa a cikin biyun tana jan ɗariƙar zuwa gefenta: wannan ta ce mahaifa da mazaunin halifa a wurinta suke, waccan ta ce kabari da zawiya a wurinta suke. Aljeriya tana kuma tunatar da mu cewa Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mutumin Tilimsan ne. Wannan bai rage komai daga ladan ziyararka ba. Amma idan ka ga gwamnati tana ɗaukar nauyin taron malamai da tikitin jirgi da masauki, ka san ruwa ba ya tsami banza. Kuma tunda ana ta zancen tsohuwar zumunta, ba laifi a tuna cewa rundunar da ta rusa daular Songhai a Tondibi a 1591, daga Marrakesh Sarki Ahmad al-Mansur ya turo ta.

Hanyar teku da ka ji ana yabo, Sarkin ya sanar da ita ne a jawabinsa na 6 ga Nuwamban 2023, ranar tunawa da waccan tafiyar ƙafa ta 1975. Zaɓen ranar kaɗai ya ishe ka bayani. A Disamba ministocin Mali da Nijar da Burkina Faso da Chadi suka hallara a Marrakesh suka yi na'am. Tashar jiragen ruwan da ake ginawa domin wannan aiki tana Dakhla, cikin Yammacin Saharar da ake jayayya a kai. Duk ƙasar da kayanta suka bi ta Dakhla ta amince da ikon Maroko a aikace, ko ba ta faɗa da baki ba. Burkina Faso ma ta riga ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a can tun 2020. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafi da kanka. Daga Yamai zuwa Kwatano kusan kilomita 1,000 ne. Daga Yamai zuwa Dakhla ta mota ya haura ninki uku, sai an ratsa Mali a inda mayaƙan JNIM, reshen Alƙa'ida a Sahel, suke ƙona tankokin mai, sai kuma an ratsa Murtaniya, wadda take taka-tsantsan da maƙwabtanta biyu kuma ba ta cikin waɗanda suka zauna a Marrakesh. A farkon 2025 an sace direbobin manyan motoci 'yan Maroko huɗu a hanyar Burkina zuwa Nijar, sai bayan wata shida da 'yan kai suka kuɓuta. Wane mai kaya ne zai biya kuɗin wannan hanya? Ni a ganina ribar shirin ta siyasa ce, kuma an riga an ci ta: sojojin Sahel sun nuna wa ECOWAS suna da wata ƙofa, Maroko kuma ta sami abokai a bayan gidan kishiyarta. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Yanzu mu dawo Kaduna. Gasar nan ta ratsa ta ƙofar shagonka da kuma ƙarƙashin ƙasar jihar nan. Maroko ce ke da kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka sani a duniya. Da Sarkin ya zo Abuja a Disamban 2016 aka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi shirin takin shugaban ƙasa, wanda ya sa aka tayar da masana'antun haɗa taki da suka daɗe a kwance, aka kuma sa buhun NPK a kan naira 5,500 a 2017. Kamfaninsu na OCP yana da masana'antar haɗa taki a jihar nan. Ka dubi ikon Allah: Buharin da ya amince da Polisario a 1984 shi ne ya karɓi Sarkin Maroko a 2016, ya kuma kai masa ziyara Rabat a 2018, ba tare da ya janye waccan amincewa ba. Mutane suna kiran wannan rashin alƙibla. Ni ina ganin yana cikin 'yan wuraren da diflomasiyyarmu ta yi wayo. Da Maroko ta nemi shiga ECOWAS a 2017, masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago da tsofaffin jakadunmu suka yi ca, maganar ta kwanta. Mun karɓi taki, mun hana kujera.

A wannan ziyara ta 2016 ne kuma aka fara zancen bututun gas daga Najeriya zuwa Maroko, wanda zai bi gaɓar teku ya ratsa ƙasashe 13, tsawonsa ya haura kilomita 5,000, kuɗinsa wajen dala biliyan 25. Kafin shi akwai na Aljeriya, wanda aka sa wa hannu a Abuja a 2009: kilomita 4,000 da 'yan kai, ta Nijar, zuwa cibiyar gas ta Hassi R'Mel. Kowace ƙasa tana tallata nata kamar gobe za a kunna. Na Aljeriya ya fi gajarta da araha, amma sai ya bi ta Agadas da hamadar da babu mai iya ba da tabbacin tsaronta. Na Maroko ya kauce wa hamada, amma sai gwamnatoci goma sha uku sun yarda, sai kuma an sami mai zuba kuɗin. Mu 'yan Arewa akwai abin da ya kamata mu gane: na hamadar ne kaɗai zai bi ta yankinmu, domin ci gaban bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ne, mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Na gaɓar teku ba zai ga Kakuri, unguwar masana'antun Kaduna, ba ko a mafarki. Saboda haka idan ana musun wanne ya fi, ni nakan ce a fara kawo gas ɗin Kaduna, masaƙun da suka mutu su ga wuta, sannan a yi zancen Turai.

Ta fuskar tsaro kuwa nauyin ya fi karkata ga Aljeriya da Nijar, ko muna so ko ba ma so. Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012 ta kuma yi sansani a dazukan Birnin Gwari, shugabanninta na farko a wurin Alƙa'ida ta Magrib suka sami horo. Khalid al-Barnawi da aka kama a Lokoja a 2016 yana cikinsu. Lakurawan da hedikwatar tsaro ta yi shelarsu a Nuwamban 2024 a Sakkwato da Kebbi, ta iyakar Nijar suka shigo. Bindigar da ta baro Libiya ko arewacin Mali ba ta bi ta Rabat kafin ta iso dajin Kamuku. Jami'an leƙen asirin da suka san waɗannan hanyoyi da mutanen da ke bin su tun shekarun 1990 suna Aljiyas da Tamanrasset. Idan Aljeriya da Bamako ba sa ga maciji, kuma Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi kamar yadda ta yi a Maris ɗin 2025, to babu mai gaya wa wani abin da ya gani, kuma masu ɗauke da makamai ne suke cin ribar shirun.

Abin da ya fi damuna, Alhaji, ba Maroko ba ce, ba kuma Aljeriya ba. Filin da suke kokawa a kai, namu ne muka bari. A Agustan 2023 mu muka yanke wa Nijar wutar lantarki muka rufe iyaka, daga Illela har Maigatari, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Bayan nan Maroko ta ba Yamai kyautar tashar wuta da aka sa wa sunan Sarkinta. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na AES a Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025. Alhali hanyar teku mafi sauƙi ga mutumin Maraɗi da Damagaram ta cikin ƙasarmu take: layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka fara a 2021, da na Kaduna zuwa Kano, da tashar sauke kaya ta tudu da ke Kakuri tun 2018. Ranar da kwantenar ɗan kasuwar Maraɗi za ta taso daga Legas ta jirgin ƙasa ta isa gare shi ba tare da shingaye talatin sun tatse shi ba, babu wanda zai sake yi masa tallar Dakhla.

Game da takinka kuwa, ci gaba da sayarwa, babu abin kunya a ciki. Fosfet ɗin dai nasu ne, amma yuriyar da ake haɗawa da shi daga gas ɗinmu ake yin ta a Fatakwal da Legas, kuma kamar yadda manominmu yake buƙatar fosfet ɗinsu, haka su ma suke buƙatar kasuwa mai mutum fiye da miliyan 200 da kuma muryar Najeriya a zauren Tarayyar Afirka. Idan farashin buhu ya motsa bana, ka fara duba canjin dala da kuɗin dako daga tashar jirgin ruwa zuwa Kawo kafin ka ɗora wa rigimar Tinzawaten. Ka gaishe mini da mutanen zawiya.